Wai Zane Baiwa Ce, Babba Ba Ya Koyo? Ba Mu Yarda Ba

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Sabo, Shasha, Bodija, Ojoo da sauran unguwannin Ibadan.

A taronmu na watan jiya, kwamitin koyar da sana'a ya kawo shawarar a buɗe ajin koyon zane na manya, sau biyu a mako bayan sallar isha'i, a ɗakin taron ƙungiya. Abin da aka nema daga asusu bai wuce kuɗin takarda da fensir da rula da man janareta ba, domin mai koyarwar ɗan uwanmu ne mai rubuta allunan shaguna, kuma ya ce ko sisi ba zai karɓa ba. Shawarar ba ta kai ga ƙuri'a ba. Kafin mai gabatarwa ya koma kujerarsa an riga an kashe ta da magana guda: wai zane baiwa ce, wanda Allah bai ba shi tun yana yaro ba, ko shekara goma ya yi yana ɓata takarda ba zai iya ba. Wani ya ƙara da cewa ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aka yi dariya, aka wuce batu na gaba.

Da a nan abin ya tsaya, da mun rubuta a littafin taro mun yi shiru, tunda ba yau aka fara kayar da shawara ba. Amma akwai abin da ya faru a wurin da ya hana mu sukuni. Wani ɗan uwanmu mai walda, magidanci da ya haura arba'in, ya miƙe ya ciro wata takarda daga aljihu. Get ne ya zana da biro. Ya ce yana so ya koyi yadda zai riƙa zana wa kwastoma aiki kafin ya yanka ƙarfe. Takardar ta zagaya hannu-hannu, kowa ya kalla sai ya ƙyalƙyale. Wani ya tambaye shi ko ɗansa na firamare ne ya yi masa. Bawan Allah ya karɓi takardarsa, ya ninke, ya mayar aljihu, ya fice kafin addu'ar rufe taro. Mu da muke zaune a teburin gaba mun ga fuskarsa. Kuma gaskiya ɗaya ce, mu ma mun murmusa. Muna neman afuwarsa a bainar jama'a kamar yadda aka yi masa dariya a bainar jama'a.

To, yanzu mu koma kan maganar kanta, domin muna ganin kuskure ce, kuma kuskure mai tsada.

Wasu sun ɗauka wasan yara ake son kawo mana, ko wata nishaɗi ta 'yan boko. Ku zo mu zagaya shagunan 'yan uwanmu. Mai walda ne kwastoma zai zo ya ce ga irin get ɗin da nake so. Ya kwatanta da hannu, mai walda ya ce na gane. Bayan mako biyu a kawo aiki, mai gida ya ce ba haka na ce ba. An yanka ƙarfe, an ci kuɗin kafin alƙalami, sai rigima, sai a kawo mana ƙara ofis. Maƙwabcinsa da zai ɗauki minti biyar ya zana a takarda, ya sa awo, ya ce wa kwastoma sa hannu a nan, shi ne yake kwashe manyan ayyukan. Haka kafinta. Haka tela mai surfani: injin aiki na kwamfuta ya shigo, injin kuwa ba ya ƙirƙiro fure da kansa, sai an zana an ba shi. Telolinmu nawa ne suke biyan wani a Mokola ko Dugbe ya fitar musu da zanen da kakanninmu ne suka san shi? 'Yan uwanmu mata masu lalle, wadda take iya fito da sabon zane ita ake kira gidan biki, wadda take kwafar hoton waya kullum tana baya. Ga kuma matasa da suka dawo daga Legas tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, da yawa har yau suna neman abin kamawa. Wanda kuma ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 ya san yadda kayan shago ke zama toka a yini ɗaya. Wanda sana'arsa ke hannunsa shi ya fara miƙewa. Wannan ne abin da aka yi wa dariya.

Ga tambayarmu ta farko ga masu cewa baiwa: a ina kuka koyi rubutu?

Akasarinmu mun zauna gaban alaramma. Ku tuna ranar da aka fara ɗora muku alƙalamin kara a hannu. Alif ɗinku a karkace yake, tawada ta zuba, ba'un ta yi kama da ƙwarya da ta kife. Akwai malamin da ya taɓa duba allon yaro a ranar farko ya ce tashi ka tafi, ba ka da baiwar rubutu? Babu. Cewa yake wanke ka sake. Daga babbaƙu a shiga farfaru, a rubuta, a biya, a wanke, a sake rubutawa, yau da gobe, shekara da shekaru, har hannun da yake rawa ya zama shi ke yin satu, har wani ya kai ga rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. Sunan gwani da muke girmamawa, ba a raɗa wa jariri shi ranar suna. Tilawa ce take kai mutum can, dare da rana, har murya ta dushe. Rubutu kuwa zane ne. Layi ne da lanƙwasa da ɗigo, da sanin tazarar da ke tsakaninsu. Zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, wadda muke ɗagawa ana kallo ranar walima, hannun da ya wanke allo sau dubbai ne yake yin ta. Al'ummar da ta gina karatunta kacokan a kan maimaici, ita ce yau take cewa hannu ba ya koyuwa. Abin da mamaki.

Magabata ma ba su bar kyan rubutu a hannun sa'a ba. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940 miladiyya, an san shi da tsara awon haruffa: ɗigon da bakin alƙalami ke yi shi ne ma'auni, tsawon alif ɗigo kaza ne, sauran haruffa kuma a auna su da da'irar da faɗinta ya yi daidai da tsawon alif. Wato ya mai da abin da ake gani kamar sihiri ya zama lissafi da ɗalibi zai bi. Turawa ma haka. Zanen da kake ganin hanya tana tsukewa tana shigewa nesa kamar gaske, ƙa'ida gare shi. Wani magini a birnin Fulorans na Italiya mai suna Brunelleschi ya nuna ta a wajajen 1420, Alberti ya rubuta ta a littafi a 1435. Kafin nan an yi ƙarnoni ana haihuwar masu basira ba su yin zane a kan wannan tsari. Da aka rubuta ƙa'idar, sai ta zama darasin 'yan kwanaki. Idan baiwa ce, me ya hana ta sauka kafin a rubuta littafin?

Akwai kuma rashin fahimtar abin da yake hana babba zane. Mutane suna cewa hannuna ya sandare. Wane hannu? Hannun da yake zura zare a allura, yake bin layin ɗinki ba ya kaucewa? Hannun da yake riƙe wutar walda a kan gaɓar ƙarfe? Hannun mahaucin da yake yanka kilishi ya fito kamar takarda? Matsalar ba a hannu take ba, a kallo take. Ku gwada yau da daddare. Ku ajiye kofin shayi a kan tebur ku zana. Da yawa za su yi wa bakin kofin da'ira cikakkiya, saboda sun san bakin kofi zagayayye ne. Amma daga inda kake zaune ba da'ira kake gani ba, wani abu ne mai kama da ƙwai a kwance. Saninka ya rinjayi ganinka. Kujera ma haka: ka san ƙafafunta huɗu tsawonsu ɗaya, sai ka zana su daidai, alhali na baya sun fi gajarta a idonka. Wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Dale Cohen da Susan Bennett, sun buga bincike a 1997 kan dalilin da ya sa yawancin mutane ba sa iya zana abin da suke gani, kuma abin da suka fi ɗora wa laifi shi ne kuskuren ganin abin da ake zanawa, ba gazawar hannu ba.

Kallo kuwa ana koyar da shi, kuma dabarun ba ɓoyayyu ba ne. Ka miƙe hannu da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka auna tsawon buta da faɗinta a jikin fensirin, ka ga sau nawa wannan ya shiga wancan. Ka bar zana ƙafafun kujera, ka zana sararin da ke tsakaninsu, sai ga ƙafafun sun fito da kansu. Ka kifar da zanen da kake kwafa, ƙasa ta koma sama, don ƙwaƙwalwa ta daina ce maka wannan taga ce, wannan ƙofa ce, ta koma bin layi kawai. Wannan ta ƙarshen wata malama Ba'amurkiya, Betty Edwards, ta yaɗa ta a littafinta na 1979. Bayanin da ta yi kan ɓangaren dama da na hagu na ƙwaƙwalwa masana suna jayayya a kai, amma darasin kansa har yau ana amfani da shi. Masu rubuta allunan shaguna kuma suna da tasu: su raba ƙaramin zane gida-gida da rula, su raba bango gida-gida da alli, su kwashe abin da ke kowane gida zuwa takwaransa. A cikin waɗannan duka, ina wurin da ake tambayar shekarun haihuwa?

Ɗan uwan da ya ce zanen get ɗin nan kamar na ɗan firamare ne, ya faɗi gaskiya ba tare da ya sani ba. Yawancinmu a firamare muka ajiye fensir. A kowane aji akwai yaro ɗaya da malam ya yaba wa, aka riƙa kiransa ya zana taswira a allo. Shi ya ci gaba da zane a bayan littafi, a bango, a ƙasa. Saura muka ce ba namu ba ne muka bari. Bayan shekara talatin sai a kwatanta wanda bai taɓa tsayawa ba da wanda ya tsaya yana ɗan shekara goma, a ce kun ga baiwa. Da mun daina karatu a aji uku, yau da karatun ɗan aji uku za mu riƙa yi, ko gemunmu ya kai ƙirji.

Haka batun gado. Ana cewa wane ɗan gado ne, a jininsa abin yake. Ku je maƙera ku gani. Ɗan maƙeri tun bai iya ɗaura wando ba yake zaune bakin wuta yana zuga, yana miƙa awartaki, yana kallon inda masaba ke sauka. Kafin ya kai sha biyar ya ga aikin sau dubu. Jinin da ake faɗa, shekarun zaman nan ne.

Kada a ce surutu ne kawai, ga mutane da sunayensu.

Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode, an haife shi a 1882. A zamaninsa akwai Turawan mulkin mallaka da suke ganin baƙar fata ba zai iya irin zanen da ake koyarwa a makarantun Turai ba. Ku lura, hujjarsu ita ce dai wadda muka ji a taronmu, sai dai su al'umma guda suka yanke wa hukunci. Onabolu ba shi da malami. Hotunan jaridu da littattafai ya riƙa kwafa, yana aikin akawu a Legas da rana yana zane a lokacin hutunsa. Sai a 1920, yana dab da shekara arba'in, ya tafi Landan ya zauna a aji a matsayin ɗalibi, ya wuce Faris, ya dawo a 1922. Mutumin da tuni ake girmama aikinsa bai ji kunyar komawa benci ba. Da ya dawo bai ce ni mai baiwa ne ya rufe ƙofa ba. Ya yi ta matsa wa gwamnati a sa darasin zane a makarantu, har aka kawo Kenneth Murray a 1927, wanda Ben Enwonwu yana cikin ɗalibansa. Wanda ya fi kowa sanin zane a ƙasar nan a lokacin, shi ya fi kowa yarda cewa abu ne da ake koyarwa.

Nan kusa da mu, a Oshogbo, an yi wani ajin zane a 1964 ƙarƙashin Georgina Beier. Waɗanda suka shiga ba ɗaliban jami'a ba ne. Jimoh Buraimoh mai gyaran lantarki ne da yake kula da fitilun 'yan wasan Duro Ladipo. Twins Seven-Seven ɗan rawa ne. Daga baya aikinsu ya zagaya duniya. A garin dai akwai Asiru Olatunde, maƙeri, wanda rashin lafiya ta raba shi da aikin ƙira, ya koma fitar da zane a jikin faranti na alminiyam bayan ya haura arba'in. Ku kuma duba bayan takardar naira ashirin. Ladi Kwali ce zaune tana gina tukunya. Ta iya ginin gargajiya tun tana yarinya, amma sai a 1954, tana wajen shekara talatin, ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu daga farko.

A waje kuwa, babu wanda ake yawan kafa hujjar baiwa da shi kamar Vincent van Gogh, ɗan ƙasar Holan. To ku ji tarihinsa. An haife shi a 1853. Ya yi aiki a shagon sayar da zane-zane aka sallame shi, ya taɓa koyarwa, ya yi wa'azin addininsu a yankin masu haƙar kwal a Beljiyam, nan ma ba a ci gaba da shi ba. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya yanke shawarar zane zai zama sana'arsa. Me ya fara yi? Ya samo darussan zane na wani Bafaranshe, Charles Bargue, ya zauna yana kwafa shafi bayan shafi, ya gama ya sake komowa farko. Wasiƙunsa ga ƙanensa Theo suna nan, cike da labarin wannan wahala. Ayyukansa na farko a sandare suke, kowa yana iya dubawa a intanet. Ya mutu a 1890. A cikin shekara goma kacal ya bar ayyuka sama da 2,000. Ku raba wannan adadi da kwanakin shekara goma ku ga ko mutumin yana zaune ne yana jiran ilhama. Akwai kuma Bill Traylor, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a jihar Alabama ta Amurka. Ya ƙare ƙarfinsa a gona, sai a 1939, yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya fara zane a kan guntayen kwali a gefen titin birnin Montgomery. Ya yi sama da dubu. A 2018 gidan tarihin Smithsonian da ke Washinton ya shirya baje kolin aikinsa shi kaɗai.

Mun san amsar da za a ba mu: ai waɗannan masu baiwa ne da ba a gano da wuri ba. Madalla. To ta yaya kuka san mai waldar nan ba ya cikinsu? Da an ɗauki zanen van Gogh na farko an zagaya da shi a taronmu, wallahi da an yi masa irin dariyar. Wannan ita ce matsalar hujjar baiwa: idan mutum ya yi naci ya iya, a ce dama yana da ita, idan ya bari a hanya, a ce dama ba shi da ita. Ba ta taɓa faɗuwa, domin kullum bayan an gama aiki take zuwa ta karɓi lada. Abin da ba a iya gane shi sai bayan an yi aiki, ba ya zama dalilin hana fara aikin.

Kada kuma a juya mana magana. Ba mu ce mutane duka ɗaya suke ba. Allah Ya fifita wasu a kan wasu a fahimta da saurin ɗauka, a makarantar allo ma akwai mai haddace shafi kafin wani ya gama layi uku. Masu cewa naci shi ne komai su ma sun wuce gona da iri. Wannan zancen awa dubu goma da ake yawo da shi a waya ya samo asali ne daga binciken Anders Ericsson na 1993 kan masu koyon goge irin na Turawa a Balin, Malcolm Gladwell ya yayata shi a littafinsa na 2008. Amma a 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta suka tattara bincike masu yawa, suka ga cewa a fannin kiɗa horo ya bayyana kusan kashi 21 cikin ɗari ne na bambancin da ke tsakanin mutane, a wasannin motsa jiki kashi 18. Saboda haka akwai wasu abubuwan bayan naci, mun yarda. Sai dai wannan muhawara ce ta wa zai zama na ɗaya a duniya. Mu ba ita ta kawo mu ba. Direbobin da ke cikinmu, nawa ne suka koyi tuƙi bayan sun yi aure? Ba wanda ya ce musu sai mai baiwa. Ba za su ci tseren motoci ba, amma suna kai kaya Kano su dawo lafiya, suna ciyar da iyali. Kakanninmu da suka zauna a Sabo tun da aka keɓe unguwar a 1916, da gemunsu suka koyi Yarabanci har suka riƙa cinikin goro da shanu da shi. Dattijon da ya yi mana karin maganar icce, Allah Ya ƙara masa lafiya, shekara biyar da suka wuce jikansa ke buɗe masa waya, yau shi ya fi kowa turo saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp. Iccen dai ya tanƙwaru.

Babba yana da nasa cikas, ba mu musa ba. Lokaci ya yi masa kaɗan, yana dawowa a gajiye, bayan arba'in ido yakan fara neman tabarau. Amma yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san abin da yake so ya zana da dalilinsa, ya san awo, ya san haƙuri. Babban cikas ɗinsa kunya ce, kada a ga babba yana yin abin da bai iya ba. Mu kuwa a taron nan maimakon mu rage masa ita sai muka ninka. A ganinmu kalmar baiwa ta samu karɓuwa ne saboda tana hutar da kowa. Wanda bai gwada ba ta wanke shi, wanda ya iya ta ɗaga shi sama ba sai ya koya wa kowa ba, ƙungiya kuma ta huta da fitar da kuɗi.

Akwai waɗanda suka same mu bayan taro suka ce su damuwarsu ta addini ce. Wannan magana ce mai nauyi kuma mun fi girmama ta a kan ta farko. Mu ba malamai ba ne. Abin da muka ji daga malamanmu shi ne maganar tana kan surar abu mai rai, kuma ya zo a hadisi ingantacce cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya ƙara musu yarda, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Sunayen da muka kawo a sama, mun kawo su ne don batun koyo, ba don a kwaikwayi abin da suka zana ba. Ajin da ake nema na get ne, da kujera, da gado, da fasalin ɗaki, da haruffa, da furen surfani da na lalle. Za mu kai wa limamanmu jerin darussan su duba kafin a fara, abin da suka ce a cire za a cire.

Wani abin takaici kuma. Sashen koyar da zane da ya fi suna a tarihin Najeriya a nan Ibadan ya fara, aka mai da shi Zariya a 1955. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka zama jagororin zanen zamani a ƙasar nan. Akasarinsu 'yan Kudu ne. Sun je garin da Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a, garin da bangayensa ke cike da zanen magina, sun koya sun dawo gida. Mu masu aska takwas da dagi da zayyana muna tsaye a gefe muna cewa sai mai baiwa.

To ga abin da muke ba da shawara, kuma za mu sake gabatar da shi a taro mai zuwa. A ba mu mako takwas na gwaji. Daren farko, kafin a koya wa kowa komai, duk wanda ya zo zai zana abu uku: buta, kujera, da ƙofar ɗakin taro. Ya rubuta sunansa da kwanan wata, a zuba a ambulan a liƙe, ma'aji ya kulle a durowa. Sharaɗi ɗaya ne, kowa ya yi alkawarin minti goma sha biyar na zane kullum a gida ko a shago, ko a bayan kwalin sukari ne. Bayan mako takwas a sake zana abubuwan nan uku, a buɗe ambulan, a manna na farko kusa da na ƙarshe a bango. Alƙalai kuwa su ne waɗanda suka ce baiwa ce, su zaɓi mutum uku daga cikinsu. Idan suka duba tsakaninsu da Allah suka ce ba su ga bambanci ba, mu 'yan kwamitin zartarwa za mu mayar wa asusu duk abin da aka kashe daga aljihunmu, kuma za mu rubuta a wannan shafi cewa mun yi kuskure. Mun riga mun yi magana da shugabar mata, ta ce a keɓe musu safiyar Asabar, kuma akwai 'yar uwa mai lalle da za ta jagorance su.

Mu kanmu za mu zauna a bencin gaba. A cikinmu babu wanda ya iya zana ko buta, kuma mai wannan rubutu ya fi kowa rashin iyawa. Wanda yake son dariya ya zo ya fara da namu.

Taron yana nan ranar Lahadin farko ta wata, bayan sallar la'asar, a inda aka saba. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa ya zo da hujjarsa, za a ba shi lokaci daidai da namu, sannan a kaɗa ƙuri'a. Shi kuma ɗan uwanmu mai walda, wanda yake kusa da shi ya isar masa: muna roƙonsa ya dawo, kuma kada ya jefar da takardar nan. Ita muke so ta fara shiga ambulan.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.